Fanbel ya tsinke, wai batir zai kai ka gida?

Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp tsakanin direbobinmu na Agege, daga 'yan Zango har masu jigilar nama a Abbatuwa ta Oko-Oba. Mai maganar, wanda ko sunansa bai iya faɗa ba, ya zayyano abin da ya kira sirrin fanbel. Batun ɗaura safar mata a madadin bel, a bar shi a teburin mai shayi. Wai bel ɗin tokunbo na kasuwar Ladipo ya fi sabo? Roba ce, tsufa take yi ko tana mota ko tana rataye. Shi kuwa man birki da ake ɗigawa bel mai kuka, shiru zai yi na ɗan lokaci, sannan ya ƙara santsi.

Wanda ke jawo asara shi ne na ƙarshe: wai in bel ya tsinke ka ci gaba da tafiya, batir zai kai ka gida.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. In bel ya tsinke, altaneta ta daina caji, jar fitilar batir ta kama a dashbod, amma injin bai mutu nan take ba. A tsohuwar Camry ta 1997 zuwa 2001 mai silinda huɗu, wadda ake ce wa "fensir", tayimin bel ne ke juya famfon ruwa, don haka mai ita kan iya lallaɓawa. Wataƙila irinta mai saƙon ya taɓa tuƙawa, sai ya mai da abin fatawa ga kowa.

To amma a Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Camry mai injin 2.4 da ta biyo bayan fensir, bel guda ne ke jan altaneta da famfon ruwan. Yana tsinkewa, ruwa ya daina zagayawa tsakanin inji da lagireto. Ka ɗauka kana cikin cunkoson Iyana Ipaja da tsakar rana. Kafin batir ya gaji, allurar zafi ta haye ja, gaskit ya ƙone, wani lokaci kan injin ma ya karkace. Gyaran bel ya zama sauke inji.

Ba na ganin laifin direban da ya yarda. Mutum na da balas da zai kai wa mai mota da yamma, ga fargabar kada 'yan LASTMA masu kula da zirga-zirga su ja motar in ya tsaya a bakin titi. Dole ya so jin cewa zai iya wucewa.

In fitilar batir ta kama, sitiyari ya yi nauyi lokaci guda, nemi gefe ka kashe inji. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafinsa. Wajen sa sabon bel, ka sa bakanike ya juya tenshina da fulolin da hannu ya ji ko suna gurnani, domin sau da yawa su ke cinye bel ɗin. Bayan an tayar, riwaya ya ɗora mita a kan batir: ya kamata ta nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5.