Karatun Kwamfuta da Littafin Bashin Kantin Kwari

Ƙaramar hukumar Fagge ba ta da wani faɗin ƙasa, amma a cikinta Kantin Kwari yake, da kasuwar Sabon Gari mai ɗauke da sunan marigayi Abubakar Rimi, da Singa, da 'yan canjin Wapa, da jerin shagunan waya da kwamfuta na titin Beirut. Tun zamanin da ayarin raƙuma ke tsallako Sahara, a Fagge Buzaye da Larabawa suke sauke kaya a bayan ganuwa. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ba a daɗe ba aka yanka Sabon Gari domin akawuna da masu sana'a da suka biyo jirgin daga kudu. Da wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, yankin bai yi sanya ba wajen karɓar cinikinta. Abin da har yanzu bai ci moriyarsa yadda ya kamata ba shi ne ɗimbin matasan da manyan makarantu ke yayewa kowace shekara da takardar shaidar karatun kwamfuta.

Makarantun kam akwai su. Jami'ar Bayero tana da tsangaya guda ta ilimin kwamfuta. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu take amsa sunan Aliko Ɗangote, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano mai ba da difloma da babbar difloma, sannan cibiyar Digital Bridge da hukumar sadarwa ta ƙasa ta kafa a 2004 tana da reshe a Kano. Tsarin karatun ma an sabunta shi. A farkon 2024 hukumar kula da ilimin fasaha da ke Kaduna ta raba babbar diflomar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, da sadarwa tsakanin kwamfutoci, da tsara manhaja da shafukan intanet, da tsaron bayanai. Kafin nan, a ƙarshen 2022, hukumar kula da jami'o'i ta ware ilimin kwamfuta a matsayin fanni mai zaman kansa, ta kuma bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari na darussa ta tsara daidai da buƙatun yankinta. Wannan kashi 30 ɗin ya fi komai ɗaukar hankalina. Jami'ar da ke Kano, da me za ta cika shi in ba da kasuwa ba?

A ɗauki darasin rumbun bayanai, wanda ɗalibai da yawa suke yi wa kallon hadda kawai. A 1970 wani masanin lissafi a kamfanin IBM, Edgar Codd, ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna, kowane abu a rubuta shi sau ɗaya tak a wuri guda. Daga nan harshen SQL ya samo asali, kuma har gobe a kan wannan tubali bankuna da manyan kamfanoni suke tsare lissafinsu. To, shiga shagon mai sarin shadda a Kwari ka duba littafinsa. Abokin ciniki ɗaya daga Maraɗi, yau an rubuta shi da sunansa, gobe da laƙabinsa, jibi da sunan direban da ya ɗauki kayan. Ya karɓi dila uku, ya biya rabi da taransifa, ya dawo da turmi biyar masu tabo, dillali kuma yana jiran kamashonsa. Ranar da za a yi lissafi sai an haɗa da rantsuwa. Abin da Codd ya magance ke nan: jadawalin kaya daban, na abokan ciniki daban, na bashi da biya daban, lamba ɗaya ta ɗaure su. Ɗalibin da ya zauna mako biyu a irin wannan shago zai gane dalilin ƙa'idar fiye da wanda ya haddace ta don jarrabawa.

Haka ƙa'idar da ta ce ciniki a rumbun bayanai ko dai ya kammala gaba ɗaya ko kuma a mayar da komai yadda yake. Duk wanda ya yi kasuwa a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, ya san ɗacin rashinta: an cire kuɗi daga asusun mai saye, alat bai shigo wa mai kaya ba, su biyun sun yi cirko-cirko kowa na kallon wayarsa. Ga kuma batun ajiye kwafin bayanai a wani wuri dabam. Gobarar da ta tashi a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta cinye dubban shaguna. Wanda littafin bashinsa yake cikin aljihun tebur a daren, asara biyu ya yi, ta kaya da ta shaidar abin da yake bin mutane.

Darasin haɗa kwamfutoci shi ma kasuwarsa a buɗe take. Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma kowace cibiyar jarrabawa tana buƙatar wanda ya san jan kebul, da saita adireshin kowace na'ura, da gano inda matsala take idan allo ya tsaya cik yara na zaune. Otal-otal da asibitoci da makarantun kuɗi na Sabon Gari duk haka. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sabis ya taɓarɓare, bankuna suka ji jiki. Mai karatun sadarwa ya kamata ya iya yi wa ubangidan shago bayanin yadda tsinkewar waya a teku ta hana shi karɓar kuɗi a Fagge, ya kuma faɗa masa abin da zai tanada.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake koyon rubuta manhaja. Ba laifin malamai ba ne kaɗai. Aji ya cika maƙil, wuta sai ta ga dama, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ta fi ƙarfin aljihun iyaye da yawa. Sai ka tarar ɗalibi ya rubuta Python ko Java da biro a takarda ya ci jarrabawa, alhali bai taɓa kwana yana neman kuskuren da ya hana manhajarsa tashi ba, a nan kuwa ake koyon sana'ar. Idan aka zo aikin kammala karatu, wasu sukan sayi wanda aka riga aka yi, a canza suna a bango. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Zaman sanin makamar aiki na shirin SIWES, wanda aka ƙirƙiro tun shekarun 1970 don cike irin wannan giɓi, wasu a ofis suke ƙare shi suna buga takardu.

A ɗaya ɓangaren, yaron da ya tashi a gaban mai gyara a titin Beirut zai kwance waya ko kwamfuta ya mayar cikin minti kaɗan, har ya riƙa yi wa mai digiri dariya. Dariyar tasa tana da hujja, amma iyakarta gajeriya ce. Ya san abin da zai taɓa, bai san dalili ba, shi ya sa duk ranar da aka sauya ƙirar na'ura sai ya koma farko. Ba zai tsara wa shago mai rassa uku rumbun bayanai ba, domin wannan aiki ne na lissafi da tsari, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka ban yarda da masu cewa karatun ɓata lokaci ne ba. Tun da aka sanya hannu kan dokar kare bayanan jama'a a 2023, mai riƙe da sunaye da lambobin wayar abokan ciniki ma yana da nauyin da doka ta ɗora masa, kuma ba a gaban teburin gyara ake koyar da wannan ba.

Kada kuma ɗalibi ya ɗauka 'yan kasuwa za su tarbe shi da hannu biyu. Ɗan kasuwa ba ya buɗe wa baƙo littafinsa, yana tsoron haraji, yana tsoron abokin hamayya. Yaron shagonsa mai yiwuwa Hausa ya fi karantawa, wani ma ajami. Manhajar da za ta yi aiki a Kwari sai ta zama ta Hausa, mai tafiya a ƙaramar waya, wadda ba ta tsayawa don sabis ya ɗauke, kuma wadda ta san mene ne dila da turmi da yadi. Da wuya kamfanin da ke Amurka ko Indiya ya zauna ya yi wa Fagge wannan.

Kirana ga shugabannin sassan kwamfuta na makarantunmu shi ne su zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kwari da Sabon Gari da Singa, a amince kowane ɗalibin ajin ƙarshe ya ɗauki matsalar shago guda ya warware, mai shagon kuma ya kasance cikin masu tabbatar da cewa abin ya yi aiki kafin a ba da maki. Ku kuma alhazan kasuwa, a cikin ɗaliban nan akwai 'ya'yanku da kuke biya wa kuɗin makaranta. Ku ba su kujera a shago, ku buɗe musu littafin.