Mai kiwo, huhunka ma jari ne

Masu shirin fara kiwo kan tambaye ni kuɗin abinci da na rigakafi, amma da wuya wani ya tambayi irin iskar da zai riƙa shaƙa.

Da hunturu, daga Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, mukan rufe ɗakin kaji ruf da leda, mu hura gawayi saboda 'yan tsaki. A bakin dam ɗin Tiga da ke Bebeji kuwa, masu bandar kifi kan yini cikin hayaƙin itace. Hayaƙin nan, da ƙurar buntu, da amoniyar da ke tashi daga kashin kaji, suna kumbura hanyoyin iska na huhu. In abin ya daɗe sai su riƙa saurin tsukewa: ƙura kaɗan, sai tari da majina da numfashi sama-sama. Bayan shekaru yana iya zama cutar toshewar huhu, wadda likitoci ke kira COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cutar ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021. Magani na rage wahala, amma huhun da ya lalace ba ya komawa daidai.

Shawarata: ka bar kafar iska ta sama. In ka shiga ɗaki ido ya fara yaji, amoniya ta yi yawa, kwashe jiƙaƙƙen buntu. Sa takunkumin N95 lokacin shara. Yi banda a fili ko a murhu mai bututun hayaƙi. Tari ya wuce mako biyu, tafi asibiti.

Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa.