Ƙa'idar Tashin Jirgi a Bakin Kwamfuta

A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa ya nutse a kogin Neja kusa da Warrah, cikin ƙaramar hukumar Ngaski, rayuka da yawa suka salwanta, kuma lodin da ya wuce kima na cikin dalilan da hukumomi suka ambata. Duk mai shiga jirgi a wannan kogin daga garin Yelwa ya san sharuɗɗan da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA ke nanatawa: rigar kariya ga kowa, ban da tafiyar dare, ban da cika lodi. To a ce an ɗora wa kwamfuta aikin ba da izinin tashi. Ta yaya za a rubuta mata ƙa'idar?

Akwai harshen kwamfuta da ya dace da irin wannan aiki, sunansa Prolog, wanda Alain Colmerauer da Philippe Roussel suka ƙirƙiro a birnin Marseille na Faransa a 1972. Ba a tsara masa matakai ɗaya bayan ɗaya. Ana ba shi bayanai da ƙa'idoji ne, shi ya fitar da hukunci. Waƙafi a cikinsa yana nufin "kuma", waƙafi mai ruwa yana nufin "ko".

Mu ƙaddara ƙa'idar ita ce: jirgi zai tashi idan lodi bai wuce kima ba, kuma matuƙi yana da lasisi ko takardar ƙungiya. Kowane ɗan kamasho a tasha ya gane cewa maganar lodi dole ce, zaɓin yana tsakanin takardun biyu ne kawai. Prolog ba haka yake karantawa ba. A tsarinsa "kuma" ya fi "ko" ƙarfin riƙo, don haka sai ya ɗaure lodi da lasisi wuri guda, ya ware takardar ƙungiya ita kaɗai. Ke nan duk matuƙin da ya nuna takardar ƙungiya zai wuce, ko da jirginsa ya kusa shan ruwa. Maganin ba shi da wuya: a kewaye lasisi da takardar da baka biyu. Ni na fi son a raba ƙa'idar gida biyu, a ba "takarda ingantacciya" tata ƙa'idar daban, don mai dubawa ya gani da ido.

Tarkon da ya fi wannan haɗari yana wajen korewa. Idan Prolog ya ce "ba haka ba ne", abin da yake nufi shi ne bai sami hujja a bayanan da aka ba shi ba. Ranar kasuwa, in magatakarda ya manta bai shigar da yawan fasinjoji da buhunan hatsi ba, babu shaidar an cika lodi, sai izini ya fito. Shi ya sa ake juya sharaɗin: a buƙaci adadin da aka ƙirga, a gwada shi da abin da jirgin zai iya ɗauka, in babu adadi jirgi ya tsaya a gaɓa har a ƙirga.