Shirin Musamman: A Ɗaura wa Injin Sassaƙa Ƙarfe Kwamfuta, Ko a Bar Shi a Hannu?

Shirinmu na yau na masu sana'ar ƙarfe ne, musamman na Funtua, Malumfashi, Bakori da Ƙafur, waɗanda manomi ke rugawa wurinsu in shaf ɗin injin casar masara ya karye ana tsakiyar kaka. Matasan cikinsu sun fara tambaya: tsohon injin nan mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi, a haɗa shi da kwamfuta, ko a bar shi yadda yake?

Bari in fara da asalin abin, don ni labarin ya burge ni ƙwarai. A ƙarshen shekarun 1940, a jihar Michigan ta Amurka, wani mai masana'anta, John Parsons, yana ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu. Lanƙwasar fiffiken tana son lissafi mai yawa, sai shi da injiniyansa Frank Stulen suka sa na'urar lissafi mai aiki da kati mai huji ta fitar musu da lambobi. To ku ji yadda ake aikin. Mutum uku a kan inji ɗaya! Ɗaya na riƙe da takarda yana karanto lamba, biyu kuma kowa da hannun injin da yake murzawa, wannan ya kai gaba, wancan ya kai gefe. Mutum uku, jama'a. Sai a 1952 jami'ar MIT ta nuna injin da ke karanta lambobin da kansa daga zirin takarda mai huji. Wannan shi ne kakan abin da ake kira CNC, wato injin sassaƙa da kwamfuta ke sarrafawa.

Ku lura da amfanin irin wannan injin: abu iri ɗaya yake ta maimaitawa ba kuskure. Maimaitawa. Ku riƙe wannan.

Mu dawo kan tsohon injin shago: sauya shi zuwa na kwamfuta ba sihiri ba ne. Ana cire hannuwan da ake murzawa, a sa ƙananan injinan lantarki masu tafiya taki-taki, a canja dogayen notocin da ke jan wuƙar da masu boris, sannan a haɗa da kwamfuta. Manhajar LinuxCNC da ke tafiyar da injin ma kyauta ce. Amma kayan daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu.

To Malam mai shago, duba aikinka. Tun 1975 da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, yankin nan ke ƙara cika da injuna: tarakta, injin niƙa, injin ban-ruwa, ga na gurzar auduga. Mafi yawan abin da ake kawo maka gyara ne, yau bushi ɗaya, gobe noti ɗaya, kowanne da awonsa. Kafin ka gama rubuta wa kwamfuta umarni, gwanin hannu ya sallami mai kaya. In kuwa kai ke yi wa masu ƙera injin casa shaf iri ɗaya, ɗari bayan ɗari, nan kam kwamfuta za ta mayar maka da kuɗinka.

Sannan kwamfuta ba ta warkar da tsohon inji. In gadonsa ya cinye yana wasa, gwani ya san inda zai lallaɓa da hannu, ita kuwa za ta yi ta ɓata maka ƙarfe. Ga batun wuta: in KEDCO ta ɗauke ana tsakiyar yanka, aikin na iya tashi a banza, sai da janareta mai tsayayyar wuta.

Lokaci na harararmu. Akwai hanyar tsakiya, wato allon awo mai nuna lamba da ake maƙala wa inji, aiki na hannu amma awo daidai, kuɗinsa kuma bai kai ba. Shawarata: in injinka ɗaya ne tak, kada ka kwance shi, balle dab da kaka. Ka sami littafi ka riƙa rubuta duk aikin da ya shigo har shekara ta zagayo, ka ƙirga nawa ne ya maimaita kansa, sannan ka yanke hukunci.