Tantin da zai jure bazara, damina da hunturu: Darasi daga Ngojin ga ma'aikacin da aka tura aikin daji

Duk wanda ya taɓa kwana a fili a yankin Potiskum cikin watan Yuni ya san yadda hadarin farkon damina yake zuwa. Da la'asar sakaliya gabas za ta yi duhu, iska ta ɗauke ɗif, can sai a hango jar ƙura ta tokare sama tana tahowa. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa, guguwa ta riga ta kwashe rumfuna, ta yaye duk kwanon da ba a kafe shi da kyau ba. Mutanen gari suna da ɗakunan da za su shige. Ma'aikacin da aka turo daga Abuja domin aikin safiyo, ko rigakafi, ko dashen itatuwa, ko rabon kayan agaji, wani lokaci ba shi da mafaka sai tantin da ofis ya saya masa.

Ngojin, wanda shi da Alaraba suka haɗu suka zama ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Potiskum a Jihar Yobe, wuri ne da ya dace a auna irin wannan tanti. Yobe tana cikin jihohi 11 da ake gudanar da shirin nan na kafa shingen itatuwa domin tare kwararowar hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ga kuma ayyukan lafiya da na noma da na agaji da ke kai ma'aikata ƙauyukan da babu masauki. Tambayar da ke gaban jami'in sayayya, ko hadimin da aka ce ya shirya tafiyar mai gida, ita ce: wane tanti ne zai kai mutane gida lafiya?

Lokuta huɗu na wa?

A shagunan kayan tafiya da shafukan sayayya na intanet, tanti mafi tsada yawanci shi ne wanda aka rubuta wa cewa na lokuta huɗu ne. Mai saye yakan ɗauka ma'anarsa ita ce zai yi amfani a kowane yanayi. Ba haka ba ne. Masu ƙera shi a Turai da Amurka sun yi lissafi da lokutan shekararsu, kuma na huɗun da suke nufi shi ne lokacin dusar ƙanƙara. Saboda haka sukan rage tagogin raga, su sauko da rufin waje har ƙasa, su ƙara sanduna domin ɗaukar nauyin ƙanƙara. Burinsu shi ne a tsare ɗumi a ciki.

Mu ma muna da lokuta huɗu, amma namu daban ne: bazara, damina, kaka da hunturu. A yankin Potiskum zafin Afrilu da Mayu yakan haura maki 40 a ma'aunin Salshiyos. Tantin da aka ɗinka domin ya riƙe ɗumi, idan aka kafa shi a irin wannan rana, tanda yake zama, mai iya jawo wa na ciki galabaita da ƙarancin ruwa a jiki. Abin da za a ɗauka daga tantin Turawa shi ne ƙarfin sandunansa da juriyarsa ga iska. Abin da za a guje wa shi ne toshewarsa.

Kowane lokaci da irin jarrabawarsa. Bazara tana gwada shigar iska da juriyar yadi ga rana. Damina, wadda ruwanta ya fi yawa a Yuli da Agusta, tana gwada ɗinki da shimfiɗar ƙasa, ta kuma zo da sauro. Kaka tana zuwa da raɓa da ƙarangiya da yawan macizai a bakin gonaki. Hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, yana zuwa da ƙura mai laushi da sanyin asuba wanda baƙon da ya saba da Abuja ba ya zato.

Abin da makiyaya suka riga mu sani

Tun kafin zuwan tantin kanti, akwai masu kwana a wannan daji shekara da shekaru. Wani masanin halayyar al'umma ɗan Ingila, Derrick Stenning, ya zauna da Fulani Woɗaaɓe na yammacin tsohon Lardin Borno, yankin da mafi yawansa yake cikin Yobe a yau, ya kuma wallafa littafinsa a kansu a 1959. Cikin abubuwan da ya bayyana akwai tsarin rugarsu: gida yana fuskantar yamma, shingen bayansa yana gabas. Tsarin yana da alaƙa da al'ada, amma ya dace da yanayi ƙwarai, domin manyan hadura a wannan shiyya daga gabas suke tasowa su nufi yamma, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa.

Bukkar makiyayi gajeriya ce, mai zagaye, ba ta da faffaɗan bangon da iska za ta daka. Ciyawa da zana da tabarmin da aka rufe ta da su suna barin zafi ya fita. Haka Buzaye a Nijar suke kafa tantinsu na fata ƙasa-ƙasa, su ɗage gefensa da rana, su sauke shi idan ƙura ta taso. Dalilin a bayyane yake: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take dukan bango da shi yakan ninka sau huɗu. Dogon tanti mai miƙaƙƙen bango, irin wanda ake kafawa a wurin biki, shi ne farkon faɗuwa.

Abubuwan da za a duba kafin a biya kuɗi

Na farko shi ne siffa da sanduna. A nemi tanti mai siffar ƙwarya a kife, wanda sandunansa suke gittawa da juna a wurare da dama, domin kowace mahaɗa ƙarin ƙarfi ce. Sandar alminiyom ta fi ta zaren gilashi, wadda ake samu a tantuna masu araha. Ta alminiyom lanƙwashewa take yi, a miƙe ta a ci gaba da aiki. Ta zaren gilashi tsagewa take yi, tsinin kuma ya keta yadin.

Na biyu shi ne rufi biyu. Tanti mai kyau yana da ɗakin ciki da kuma rigar waje, da tazara a tsakaninsu. Wannan tazara ita ce ke rage zafin rana, ita ce kuma ke hana gumin numfashin masu barci ɗigowa a kansu da asuba. A tabbata akwai ƙofa ko taga a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, da mafitar iska a sama. Kowace taga ta kasance tana da raga ta hana sauro, da kuma marfin yadi mai zif. Raga kaɗai ba ta tare ƙurar hunturu, yadi kaɗai kuma ba ya barin iska a bazara.

Na uku shi ne yadin kansa. Nailan ba shi da nauyi, amma rana tana saurin cinye shi, yana kuma saki idan ya jiƙe. Foliyesta ya fi shi jure rana. Yadin auduga mai kauri, ko wanda aka gauraya auduga da foliyesta, ya fi kowanne sanyi, kuma zarensa yakan kumbura ya toshe kansa idan ruwa ya taɓa shi. Aibinsa nauyi, da fumfuna idan aka naɗe shi da danshi, da gara idan aka ajiye shi a ƙasa. Ga tawagar da za ta yi makonni a wuri ɗaya kuma tana da mota, na auduga ya fi. Ga mai sauya zango kullum a kan babur, foliyesta ya fi sauƙi.

Na huɗu shi ne lambar jure ruwa, wadda ake rubutawa da milimita. Ma'anarta tsawon ruwan da za a tsayar a kan yadin kafin ya fara yoyo. Ana ɗaukar milimita 1,500 a matsayin mafi ƙarancin abin da za a kira mai hana ruwa. Ga ruwan Agusta da iska ke korowa, ya fi kyau a nemi 3,000 a rufi, 5,000 a shimfiɗar ƙasa. A juya yadin a duba ko an liƙe bayan ɗinki, domin ta ramin allura ruwa ya fi shiga. Shimfiɗar ƙasa ta zama a haɗe da bango, gefenta ya ɗago kamar tafin hannu, saboda ruwa mai gudu da kunama da kububuwa. A shimfiɗa tamfol a ƙarƙashi don tsidau da ƙaya, amma kada ya leƙo waje, in ba haka ba shi zai tara ruwa ya kai shi ƙarƙashin masu barci.

Na biyar shi ne turaku da igiyoyi. Siraran turakun waya da ke zuwa a cikin jaka ba sa riƙe ƙasa mai yashi, balle idan ta jiƙe. A sa maƙeri ya yanko na rodi masu tsawo, a kafa su a karkace, kansu yana kallon nesa da tanti. Inda yashi ya yi yawa, a ɗaure igiya a buhun da aka cika da ƙasa a binne shi. Potiskum gari ne na manyan motoci, ga kasuwar shanunta ta ranar Laraba da ta yi suna a Afirka ta Yamma, don haka tamfol da igiya da maƙera ba sa wuyar samu. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya: a kafa tantin a harabar ofis tun a Abuja, a watsa masa ruwa, a ƙirga kayansa.

Wuta da hayaƙi

Alhazan da suka kwana a Mina sun ga fararen tantunan da ke can. Ba haka suke ba a da. A ranar 15 ga Afrilun 1997 gobara ta tashi a tantunan Mina ta halaka mahajjata fiye da 300. Bayan nan ne hukumomin Saudiyya suka maye gurbinsu da na dindindin, waɗanda aka yi da zaren gilashi mai rufin da ba ya saurin kama wuta. Darasin ya shafi ƙaramin sansani ma: a bar tazara tsakanin tantuna, a yi girki a waje, a ajiye janareta da man fetur nesa.

Haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa yana zuwa ne a hunturu. Idan sanyi ya tsananta, mutum yakan shigo da kaskon gawayi ya zuge zif. Gawayi yana fitar da iskar guba da ba ta da wari ko launi, wadda ke sa ciwon kai da jiri, sannan barcin da ba a farkawa. Maganin sanyi a tanti shi ne bargo, da hula, da tabarma ko katifa mai kauri da za ta raba jiki da ƙasa. Ko a daren da ya fi kowanne sanyi, a bar mafitar iska ta sama a buɗe.

Inda za a kafa shi

Tanti mai tsada a mugun wuri bai fi na banza ba. A guji kwari da bakin rafi da duk inda aka ga alamar ruwa ya taɓa kwanciya. A nemi ɗan tudu, a juya wa gabas baya, a haƙa ƴar magudana a kewaye. Inuwar darbejiya ko tsamiya tana da daɗi a bazara, amma da damina itace guda a tsakiyar fili yana jawo tsawa, reshe kuma yana iya karyewa. A share ciyawa, a riƙa kakkaɓe takalmi da safe. Kafin a sauke kaya kuma, a fara gaida bulama ko lawanin wurin, a sanar da jami'an tsaro. Su suka san inda ruwa ke bi, da burtalin shanu, da inda bai kamata baƙo ya kwana ba.

Aikin mai rubuta takarda

Yawancin waɗannan shawarwari a kan teburin ofis ake yanke su. Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta ginu ne a kan bai wa wanda ya kawo farashi mafi sauƙi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Idan takarda ta ce tanti 50 kawai, duk abin da aka kawo ya cika sharaɗi. Idan ta fayyace nau'in yadi, da lambar jure ruwa, da irin sanda, da yawan tagogi, da kayan gyara, mai kawo na banza ya fita da kansa.

Akwai ma'aunin da za a iya jingina da shi. Ƙa'idojin Sphere, waɗanda ƙungiyoyin agaji na duniya suke bi, sun sa murabba'in mita 3.5 a matsayin mafi ƙarancin fili ga kowane mutum. Tantin iyali na Hukumar Kula da Ƴan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka tsara wa mutum biyar, yana da murabba'in mita 16 a tsakiya, ga rufi biyu, yadinsa kuma gaurayen auduga da foliyesta ne. Adadin mutanen da ake rubutawa a jakar tantin kanti kuwa lissafin kwanciya kafaɗa da kafaɗa ne, babu wurin jaka ko na'ura. Wanda aka ce na mutum huɗu ne, a ba mutum biyu.

Ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a Maiduguri cikin Satumban 2024 ta nuna yadda dubban iyalai kan wayi gari ba su da rufi a dare ɗaya. A irin wannan rana ba ma'aikaci kaɗai ke shiga tantin da aka ajiye a sito ba, har da mai jego da tsoho da jariri. Wanda ya sa hannu a takardar sayen ba lallai ne ya taɓa kwana a ciki ba. Ya kamata dai, kafin ya sa hannun, ya tambayi wanda ya taɓa kwana a Ngojin cikin Agusta.