Amon Injinan Iska: Wanda Kunne Ke Ji da Wanda Ba Ya Ji

Samar da wutar lantarki da ƙarfin iska ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, domin an kafa injinan iska 37 a Lambar Rimi ta Jihar Katsina, waɗanda aka tsara su ba da megawat 10. Saboda haka ya kamata jama'a su fahimci amon da irin waɗannan injuna ke fitarwa, kada jita-jita ta riga ilimi isa gare su.

Amo dai girgiza ce mai tafiya cikin iska. Kunnen ɗan Adam yana jin wadda ke kaɗawa sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Wadda ta gaza 20 ba a jin ta sai ta yi ƙarfi ainun, ko da yake da ita giwaye ke kiran juna daga nesa. Injin iska yana fitar da iri biyun. Na fili shi ne hucin farfela sa'ad da take keta iska. Ɓoyayyen kuwa yana aukuwa ne duk lokacin da fiffiken farfela ya gifta turken injin, kusan sau ɗaya a daƙiƙa a manyan injuna.

Masu fasahar amo sun shiga wannan fage. Waɗansunsu sukan ɗauki ɓoyayyen amon da na'ura, su ƙara masa sauri har ya kai inda kunne ke ji, don kowa ya saurari abin da ake gardama a kansa. Waɗansu kuma iskar ce makaɗiyarsu. A 2006, Mike Tonkin da Anna Liu sun jera bututun ƙarfe da siffar bishiya, tsayin mita 3, bisa tudu kusa da Burnley a Ingila. In iska ta taso, sai ta busa su kamar sarewa.

To, akwai haɗari ga lafiya? Binciken ma'aikatar lafiya ta Kanada na 2014 bai sami alaƙa tsakanin ƙarar injinan da cututtukan da mutane suka faɗa ba, amma ya nuna tana damun waɗansu maƙwabta. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ƙasashen Turai kada matsakaicin ƙarar ya wuce desibel 45.

Don haka wajibi ne a bar tazara tsakanin injuna da gidaje, a kuma ji ta bakin mazauna wuri kafin a fara aiki. Wanda ƙara ta dama ya kai kukansa ga hukuma, domin a zo a auna.