Ilimin kwamfuta a ajin Dakoro: da wane harshe?

A Dakoro, arewa da Maraɗi, yaro yana shiga lakwal da Hausa a bakinsa, wani da Fulatanci, wani da Tamashek. Allo kuwa Faransanci yake magana. Idan aka ce a ɗora masa ilimin kwamfuta a kan wannan, kaya biyu ke nan a kai ɗaya: sabon tunani da baƙon harshe.

Mutane kan ɗauka rashin wuta da rashin na'ura ne babban cikas. Amma tushen wannan ilimi ba ya buƙatar na'ura ko kaɗan. Tun shekarun 1990 Tim Bell na Jami'ar Canterbury a New Zealand, da Ian Witten da Mike Fellows, suka tsara darussan CS Unplugged, waɗanda ake koyarwa da kati da alli da wasa. Ga misali: yara biyar su tsaya a jere, kowa riƙe da kati mai ɗigo 16, 8, 4, 2, 1. A ce su fitar da 13. Mai 8 da mai 4 da mai 1 su nuna nasu, sauran biyun su kife. A rubuta 01101. Haka kwamfuta take ajiye lamba, kuma ɗan shekara tara zai gane shi kafin a fita shan iska.

Sai dai dole yaron ya faɗi dalilin da ya sa mai 2 ya kife katinsa, ya yi gardama da abokinsa, ya gyara. Nan ne harshe yake shigowa. Binciken PASEC na 2014 ya nuna kusan tara cikin goma na ɗaliban Nijar da ke ƙarshen firamare ba su kai matakin da ake so ba a karatun Faransanci. Yaron da yake fama da jimla ba zai yi gardama da ita ba. Haddacewa zai yi, ya mayar wa mushe ranar jarrabawa.

Nijar ba baƙuwa ba ce a maganar koyarwa da harshen gida. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida gurbi a aji, sannan kundin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki.

Wannan bai kori Faransanci ba. Jarrabawar BEPC da ta BAC da shi ake rubuta su, haka laccoci a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi. Abin da ya dace shi ne a fara bayani da harshen da yaro yake ciniki da shi a kasuwa, idan ya kama sai a ba shi sunan abin da Faransanci. Masu tsara manhaja a Yamai su fara da buga ƙaramin littafin malami mai harshe biyu, su kai shi makarantun horar da malamai.